Yadda Ake Zaɓen Na'urar Sauraron Kiɗa ta Aljihu Mai Kyan Sauti Ba Tare da Asarar Kuɗi Ba

Tun da kamfanonin waya da dama suka daina sanya ramin iyafis a jikin wayoyinsu, tambayar da aka fi yi mini ita ce wace ƙaramar na'urar MP3 ce ta dace mutum ya saya, wadda za ta fitar da sauti mai tsabta kuma kuɗinta bai wuce hankali ba. Na jera matakan ne bisa tsarin da ya kamata a bi su, domin yawancin asarar da na gani ta samo asali ne daga fara sayen na'ura kafin a duba abin da za a saka mata da abin da za a saurare ta da shi.

Mataki na 1: Tabbatar cewa kana bukatarta

Idan matsalarka kawai ita ce wayarka ba ta da ramin iyafis, ko sautinta ba ya gamsar da kai, to ka fara gwada ɗan gajeren kebul ɗin nan da ake maƙalawa a ramin caji, wanda ke ɗauke da ƙaramin injin sarrafa sauti a cikinsa. Na kamfanin Apple mai bakin USB-C dala 9 ne a Amurka, kuma ga iyafis na yau da kullum sautinsa ba shi da abin kushewa. Na'ura ta daban tana amfani ne ga wanda yake son ya adana batirin wayarsa a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ko wanda ya tara dubban waƙoƙi, karatun Alƙur'ani da tafsirai da suka cika masa waya, ko kuma wanda ba ya son kira da saƙonni su riƙa katse masa sauraro. Akwai kuma iyaye da ke son bai wa yaro abin sauraron karatu ba tare da sun ba shi waya mai intanet ba. Idan ba ka cikin ɗaya daga cikin waɗannan, ka tsaya a kan kebul ɗin, ka zuba ragowar kuɗin a iyafis mai kyau.

Mataki na 2: Duba fayilolin da kake da su

Na'ura ba ta gyara sautin da ya riga ya lalace, iyakarta ta fito da abin da ke cikin fayil ɗin. Saboda haka ka buɗe ma'ajiyar waƙoƙinka a kwamfuta, ka duba bayanan kowane fayil. MP3 mai lamba 128 kbps yana cin kusan megabait 1 a minti guda, kuma an zubar da wani ɓangare na siraran sautukan sama domin a rage masa nauyi. Mai lamba 320 kbps yana cin megabait 2.4 a minti, kuma mafi yawan masu sauraro ba sa iya bambanta shi da faifan CD idan an rufe musu suna. FLAC kuwa, wani nau'in fayil ɗin sauti, ba ya zubar da komai. Wanda aka ciro daga CD yakan ci megabait 5 zuwa 7 a minti.

Waƙoƙin da masu tura waƙa a kasuwa suke loda wa mutane a memori, da waɗanda aka ciro daga bidiyon YouTube, galibi masu ƙananan lambobi ne. Wanda ma'ajiyarsa ta ƙunshi irin waɗannan ba zai ji bambanci tsakanin na'urar dala 100 da ta dala 900 ba, sai dai ma mai tsadar ta ƙara tona masa aibin fayil ɗin. Haka ma tsofaffin waƙoƙin gargajiya da aka kwafo daga kaset: tsakin kaset yana cikinsu har abada.

Gargaɗi: mayar da MP3 zuwa FLAC ba ya dawo da abin da aka zubar, nauyi kawai yake ƙara wa fayil. Idan kana shakkar wani FLAC da aka ba ka, ka buɗe shi da manhajar Spek, wadda kyauta ce. Idan ka ga zanen sautin ya yanke ɗif a wajen 16 kHz, akwai alama mai ƙarfi cewa asalinsa MP3 ne mai ƙaramar lamba da aka sauya wa riga.

Kada kuma manyan lambobin da ake bugawa a kwali, irin su 32-bit/384 kHz ko DSD, su ruɗe ka. Kunnen ɗan Adam yana ji ne daga 20 Hz zuwa kusan 20 kHz, kuma ma'aunin CD na 16-bit/44.1 kHz ya riga ya rufe wannan faɗin gaba ɗaya.

Mataki na 3: Fara da iyafis, sannan na'ura

Nan ne mafi yawan mutane suke juya lissafi. Abin da ke taɓa kunnenka shi ne ke da kaso mafi girma a cikin sautin da za ka ji, don haka shawarata ita ce aƙalla rabin kuɗin da ka ware ya tafi ga iyafis ko hedifon, musamman idan jimillar kuɗin ba ta wuce dala 300 ba. Na ga wanda ya sayi na'ura mai tsada ya maƙala mata iyafis ɗin da ake sayarwa a bakin tasha, ya dawo yana ƙorafin an cuce shi, alhali na'urar lafiyarta ƙalau.

A yau akwai iyafis masu shiga cikin kunne a wajen dala 20 waɗanda sautinsu ya daidaita sosai, kamar Moondrop Chu II, 7Hz Salnotes Zero da Tangzu Wan'er. Idan aka hau zuwa wajen dala 80 akwai Truthear Hexa. Dukkansu ana iya cire kebul ɗinsu a sauya idan ya tsinke, wanda babban sauƙi ne, domin kebul ne ke fara mutuwa. Ka kuma gwada duk robobin kunne da suka zo a kwalin har ka sami wanda ya toshe kunnenka da kyau. Idan iska tana shiga, ƙasan sauti zai ɓace, ka ji kalangu ya zama kamar ana buga gwangwani.

Mataki na 4: Daidaita ƙarfin na'ura da abin da za ta tura

A kwalin kowane iyafis ko hedifon akwai lambobi biyu da ya kamata ka rubuta kafin ka tafi kasuwa. Ta farko ita ce juriyarsa, wadda ake aunawa da ohm. Ta biyu ita ce saurin amsawarsa, wadda ake rubutawa da dB. Ƙananan iyafis yawanci suna tsakanin ohm 16 da 32, kuma kowace na'ura tana iya tura su. Manyan hedifon na ɗaki su ne masu bukatar ƙarfi: Sennheiser HD 600 ohm 300 ne, shi kuwa Beyerdynamic DT 770 Pro yana zuwa da ohm 32, 80 ko 250, don haka sai ka duba wanne ne a hannunka. Idan na'ura ta gaza tura hedifon, za ka ƙure maɓallin ƙara amma sautin ya fito a raunane, ba jiki.

Akwai kuma juriyar mafitar na'urar kanta. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na juriyar iyafis. Idan iyafis ɗinka ohm 16 ne, mafitar kada ta haura ohm 2. Kamfanonin da suka san aikinsu suna rubuta wannan lamba a bayanan kayansu.

Wasu na'urori suna da rami biyu: na 3.5 mm da kowa ya sani, da na 4.4 mm wanda yakan fitar da ƙarfi fiye da na farkon. Ramin na biyu yana da amfani ga mai babban hedifon, amma mai ƙaramin iyafis ba ya bukatar ya ƙara kuɗi dominsa.

Gargaɗi: kada ka sayi mahaɗin da zai ba ka damar cusa iyafis mai bakin 3.5 mm na yau da kullum a ramin 4.4 mm. Tsarin wayoyinsu na ciki ya bambanta, kuma hakan yana iya ƙona injin ƙara sautin. Hanyar da ta dace ita ce a sauya kebul ɗin gaba ɗaya da wanda aka ƙera don wannan ramin.

Mataki na 5: Mai Android ko marar Android

Idan kana sauraro ta Spotify, Boomplay, Audiomack ko Apple Music, kana bukatar na'ura mai Android wadda ke da Play Store, domin ka sauke waƙoƙin ta Wi-Fi ka saurara daga baya. Ka sani cewa yawancin waɗannan na'urori ba sa ɗaukar layin waya. Sun fi girma, sun fi cin batir, kuma idan injinsu ƙarami ne sukan yi nauyin aiki bayan shekara biyu ko uku, lokacin da manhajoji suka ƙara girma. Idan kuwa duk abin da kake ji yana cikin memori, marar Android ta fi maka: tana kunnuwa da sauri, batirinta ya fi daɗewa, kuma ba ta tsufa da wuri.

Mai sauraron tafsiri ko dogon karatu ya tabbatar na'urar tana tuna inda aka tsaya a cikin fayil bayan an kashe ta, kuma tana ba da damar bin fayiloli folda-folda. Karatun awa guda da za ka riƙa nemo wurin da ka tsaya da hannu kowace safiya zai gundure ka cikin mako ɗaya.

Mataki na 6: Memori

Yawancin ƙananan na'urori masu kyau ba su da ma'ajiya ta ciki ko kaɗan, wasu kuma abin da aka rubuta ba shi ne za ka samu ba. Sony NW-A306 an rubuta mata gigabait 32, amma wajen 18 kawai ya rage wa mai amfani bayan Android ya ɗauki nasa. Saboda haka ka lissafa kuɗin katin microSD a cikin kasafinka tun farko. Katin gigabait 128 zai ɗauki kusan waƙoƙi 13,000 masu minti huɗu a MP3 mai lamba 320, ko kimanin 5,000 a FLAC. Ka duba iyakar girman katin da na'urar ke karɓa, domin tsofaffi da masu arha da yawa suna tsayawa a gigabait 32, kuma ba sa karanta tsarin exFAT da katuna daga gigabait 64 zuwa sama suke zuwa da shi. Wasu kuma suna da iyakar yawan fayilolin da za su iya jerawa, ko da katin bai cika ba.

Gargaɗi: jabun memori ya yi yawa a kasuwa, kuma ni kaina na taɓa faɗawa. Na sayi kati da aka rubuta wa gigabait 256 a farashin da ya kamata ya sa ni shakka, na kwana ina loda masa fayiloli, kwamfuta tana nuna komai ya shiga. Washegari na tarar da sunayen suna nan a jere, amma ban da na farko-farkon babu wanda ke buɗuwa, domin ainihin cikin katin ɗan kaɗan ne. Tun daga ranar ba na saka komai a sabon kati sai na gwada shi da manhajar H2testw a Windows, wadda ke cika katin da bayanai sannan ta karanta su ta faɗi ainihin girmansa. Gwajin yana ɗaukar awanni, amma ka yi shi a ranar da ka saya, tun mai shago bai manta fuskarka ba. Kuma ko katin na ainihi ne, ka ajiye kwafin komai a kwamfuta.

Mataki na 7: Batir da Bluetooth

Awannin da ake rubutawa a kwali ana auna su ne da fuskar na'ura a kashe, ƙara a tsaka-tsaki, Wi-Fi a rufe. Sony ta ce NW-A306 tana kaiwa awa 36, amma da manhajarta ta cikin gida ne. Idan kana jawo waƙa ta intanet, lissafin zai ragu sosai. Na'urori masu ƙarfin tura manyan hedifon sukan tsaya tsakanin awa 8 zuwa 15. Ka zaɓi mai ramin USB-C domin cajar wayarka da fawa bankinka su yi mata aiki. Wasu masu arha ba sa karɓar caji ta kebul mai bakin C a duka ɓangarorin biyu, sai mai faffaɗan baki a gefe guda, don haka kada ka yanke hukuncin ta mutu kafin ka sauya kebul.

Game da Bluetooth, magana ɗaya ce. Idan da iyafis marar waya za ka riƙa saurare, injin sautin da ka biya kuɗi mai yawa dominsa ba ya aiki, domin na cikin iyafis ɗin ne ke sarrafa sautin. Abin dubawa kawai shi ne tsarin aikawa da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai: SBC yana ko'ina, AAC shi ne na AirPods, LDAC na Sony kuma yana kaiwa 990 kbps, amma sai na'ura da iyafis duka suna da shi.

Mataki na 8: Sanin rukunin farashi

Na kawo farashin da dala ne, kusa da yadda aka fitar da su, saboda canjin naira da sefa ba ya zama wuri ɗaya. Ka lissafa da canjin ranar, ka ƙara kuɗin aiko da na kwastan idan daga waje za a kawo maka.

Ƙasa da dala 50 akwai Ruizu, AGPTEK da makamantansu, waɗanda sun isa ga karatu, wa'azi da yara, amma manhajarsu takan ba da wahala wajen jera fayiloli. Daga dala 100 zuwa 200 ne, a ganina, kuɗi ya fi sayen abin kirki: Shanling M0 Pro tana wajen 130, ƙarama ce ƙwarai har takan ɓace a aljihun riga, HiBy R3 II kuma tana wajen 180 da ramuka biyu. Mai son Android zai duba FiiO JM21 a wajen 200, HiBy R4 a wajen 250, ko Sony NW-A306 a wajen 350, wadda batirinta ya yi fice amma ƙarfinta na ƙananan iyafis ne. Daga nan zuwa sama, har zuwa Astell&Kern masu dubban daloli, abin da ake biya shi ne ƙira, ƙarfi da faɗin fuska, ƙarin kyan sautin kuwa kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙarin kuɗin.

Gargaɗi: Walkman ta Sony, irin su NW-A306, da aka ƙera don kasuwar Turai an taƙaita ƙararta saboda ƙa'idojin can, saboda haka ka tambayi daga wace ƙasa aka shigo da ita. Mai sha'awar iPod na hannu kuma ya tuna cewa Apple ta daina ƙera shi a 2022, duk wanda ka gani batirinsa ya kwana biyu, kuma iPod Classic ba ya karɓar memori, ba ya karanta FLAC da manhajarsa ta asali.

Mataki na 9: Gwaji kafin biyan kuɗi

Ko a Farm Centre ta Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ka tafi da iyafis ɗinka da memorinka, ɗauke da fayiloli biyar ko shida da kunnenka ya haddace. Kada ka yarda da waƙar da ke cikin na'urar mai shago. Ka zaɓi masu bambanci: murya zalla kamar ƙira'a, wadda za ta nuna maka ko harafin sin da shin suna fita da kaifi mai sukar kunne, kiɗan kalangu ko ganga don jin ko ƙasan sauti yana da tsari ko yana dagulewa, kuntigi ko gurmi don jin tsinkewar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, sai algaita, wadda idan akwai kaushi a saman sauti nan take za ta tona shi.

Ka fara da tsayar da waƙa, ka saurari shirun. Idan kana jin wani siririn tsaki kamar iska na fita daga taya, to da daddare a ɗaki zai fi haka damunka. Sannan ka juya bakin iyafis a cikin ramin a hankali ka ji ko sautin yana yankewa, ka rage ƙara zuwa ƙasa sosai ka tabbatar kunnen dama da na hagu suna daidai. Ka danna kowane maɓalli, ka saka caja ka ga tana karɓa, ka lura ko bayanta ya kumbura, wanda alamar lalacewar batir ce.

Akwai gwaji ɗaya da mutanenmu ke mantawa: ka saka fayil mai suna da ƙ, ɗ, ɓ, da wani mai sunan Larabci. Na'urori masu arha da yawa suna nuna ƙananan akwatuna ko alamar tambaya a madadinsu, wasu kuma su warwatsa haruffan Larabci su jera su ta hagu. Wanda ke da Alƙur'ani cikakke da sunayen surori 114 zai sha wahala da irin wannan.

Gargaɗi: idan kana kwatanta na'urori biyu, ka daidaita ƙararsu gwargwadon iko, ka kashe duk wani kayan ƙawata sauti da ke cikinsu. Kunne yakan ɗauki wadda ta ɗan fi ƙara a matsayin wadda ta fi daɗi, kuma wannan kuskuren ya sa mutane da yawa sun biya kuɗin da bai kamata ba.

Kafin ka miƙa kuɗi, ku yi magana a fili kan kwanakin da za ka iya dawo da kaya, a rubuta a rasit tare da lambar jikin na'urar. Idan ta intanet za ka saya, ka nemi shagon kamfanin na ainihi, ka ɗauki bidiyo lokacin buɗe kwalin ba tare da yankewa ba, domin shi ne hujjarka idan aka aiko da abin da ba shi ba.

Mataki na 10: Makon farko da kula da ita

Ka sabunta manhajarta daga shafin kamfanin, da batir sama da rabi, kada ta mutu a tsakiyar aikin. Ka goge sabon katin daga cikin na'urar kanta kafin ka loda komai, sannan ka gyara sunayen fayiloli da manhajar Mp3tag, ka sa lambobi kamar 001, 002, har zuwa 114, domin idan ka rubuta 1, 2, 10, na'urar za ta iya sa 10 a gaban 2.

Zafi shi ne babban abokin gabar batir. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, kada ka bar ta a gaban mota ko ka caja ta a ƙarƙashin matashi. Da hunturu kuma ƙura tana taruwa a ramin iyafis, sai ka share shi da busasshen buroshi mai laushi, ba da allura ba. Ɗan tartsatsin da kake ji a kunne a wannan lokacin yawanci daga bushewar iska ne da gogar tufafi, ba lalacewar na'ura ba.

Game da ƙara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ma'aunin decibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga baligi, kuma duk ƙarin decibel 3 yana rage lokacin zuwa rabi. Na'urori masu kyau suna da wurin sanya iyakar ƙara a cikin saitinsu. Ka sa shi tun ranar farko a cikin ɗaki mai shiru, musamman idan yaro za ka bai wa, domin a cikin hayaniyar Keke Napep hannu yakan kai ga maɓallin ƙara ba tare da mutum ya lura ba.